Tuwon da Rakiya ta auna da wanda na ƙara a ciyayya

Assalamu alaikum ƴan uwa da tsofaffin ɗalibaina. Yau zan faɗi maganar da na danne fiye da shekara talatin, kuma ba komai ya sa na danne ta ba sai kunya.

Ƙafata ta hagu yatsa uku gare ta. Abin da dangina sunka sani, sakacin matata Rakiya ne ya cinye biyun. Ƙarya ne, ni na jawo.

Farkon shekarun 1990 ina mushe, wato malami, a lakwal, makarantar bokon wani ƙauye kusa da Bazaga. Ƙishirwa ta fara damuna, in sha moɗa uku kamar ban sha ba. Ina tsakiyar darasi in bar yara in ruga fitsari. Na rame har wando yana zamewa.

Na tahi likita a Ƙonni. Anka ce in dawo da safe ban ci komai ba, anka ɗibi jini da fitsari. Majo, babban mai jinya na wurin, ya dubi takarda ya ce, "Mushe, ciwon suga ne. Ba ya warkewa, amma ana tsufa da shi in mutum ya iya bakinsa."

Ya ba ni ƙwayoyi, ya zaunar da mu ni da Rakiya. Ya ce gero, dawa, shinkafa, rogo, duk garinsu suga yake komawa a jini. Dusa da ganye kuwa wucewa suke yi, ba a lissafa su. Zogale, rama da kabeji in ci in ƙoshi. Wake kaɗan. Tuwo rabin malmala. Hura ludayi biyu, ba sukari. Kuma in sami littafi in riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakina.

Rakiya ba ta yi lakwal ba, amma wallahi ta fi ni riƙe lissafin nan. Ta ware ƙaramar mara don kwasar tuwona. Geron hurata ma ta rage masa surfe don dusar ta zauna.

To amma unguwarmu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da akushinsa, a zauna tabarma guda, a ci na wannan a koma na wancan. Ka janye hannu daga tuwon wani gida, ka raina matar gidan ke nan. Ga shi lokacin kanjamau ya shigo bakin mutane, duk wanda ya rame ana kallonsa ta wutsiyar ido. Na kasa buɗe baki in ce ba ni da lafiya.

Sai in ci na awo a ɗaki, in wanke hannu, in fito in sa hannu a akushi biyar. Har santi nake yi don a ga mushe garau yake. In koma in rubuta "tuwo rabin malmala". Ni da ke zane yara a kan satar amsa!

Rakiya ta sani. Ran nan ta ce, "Malam, awon nan da nake yi, don wa nake yinsa?" Na daka mata tsawa, ba ta sake ba.

Da damina ƙaya ta soke ni a gona, ban ma ji ba. Wurin ya kumbura, ya yi baƙi, ya fara wari. A amalanke anka kai ni bakin hanya, Rakiya da yayata Habsu na riƙe da ni.

Majo ya ɗora sakamakon jini kusa da littafina, ya ce, "Wanga jini da wanga littafi ba na mutum guda ba ne." Ya juya ga Rakiya. "Ke ce ke awo. Ko tausayi na sa hannunki ƙari?"

Yaya Habsu ta yi caraf ta ce, "Ai dama! Ta kashe mana shi da tuwo ta huta."

Rakiya ta dube ni. Kalma guda take jira. Na rufe ido kamar zazzaɓi ya danne ni.

Ta ce, "A yi haƙuri, za a gyara."

Anka yanke yatsu biyu. Kusan kwana arba'in ina kwance, kullum safe a wanke miki ina cizon zane, a yi mini allura. Na yi tsoron a bi ƙafar har gwiwa. Tumakinta biyu Rakiya ta sayar anka sayi magani, ita ke kwashe mini fo, tana gamawa ta fita ta sha habaicin dangina.

Da na koma gida na faɗa wa abokan ciyayya ciwona. Maƙwabcina Malam Idi ya ce, "Haba mushe! Ashe mu ke kashe ka muna cewa ƙara loma?" Daga ranar kowane gida kwaɗon ganye yake fito mini da shi. Ba wanda ya guje ni. Amma maganar ta tsaya a tabarmar maza, ban kai ta kunnen dangina ba. Yaya Habsu ta rasu tana ganin Rakiya da laifin.

Alhamdulillahi, ƙafa ta warke, ina tafiyata har yau. Na gode wa Allah, na gode wa majon nan ko yana raye ko ya rigaye mu.

Masu wanga ciwo, ku sha maganinku, ku riƙa duba tafin ƙafarku kullum, kar ku shiga gona ba takalmi. Ku faɗa wa waɗanda kuke ci tare. Kuma abin da kunka ci, shi za ku faɗa wa likita, jini ba ya rufa wa kowa asiri.

Ɗazu na karanta wa Rakiya wannan kafin in saka a shafina. Ta ce, "Malam, waɗanda sunka zage ni rabinsu na ƙarƙashin ƙasa. Amma saka, ƴaƴansu su karanta."

To ƴaƴan Yaya Habsu, da duk wanda ya ji wancan zance a gidansu, ku shaida: ko loma guda Rakiya ba ta taɓa ƙara mini ba.

Rakiya, ki yafe ni.