Gwaggon Na'ura, Matar da Ta Ƙi Yin Shiru

Kafin masu shara su gama da barandar kamfanin, ta riga ta iso. Za ta ajiye jakarta a kan benci, ta cire zobenta ta jefa a aljihun tebur, ta kunna fitilar aiki, sannan ta ɗauki waya. Ba ta jiran a kira ta. Ita ce take kiran asibitoci ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar lafiyar na'urorinsu kamar mai gaishe da dangi. "Ya ta kwana? Ba ta yi wani ƙara da ba ku saba ji ba? Fankarta tana juyawa?" Daga nan ne ma'aikatan jinya suka laƙaba mata Gwaggon Na'ura, sunan ya bi ta har gida.

Kamfanin da take wa aiki dillali ne. Ba shi yake ƙera kayan asibiti ba. Yana sayo su daga maƙera a ƙasashen waje, ya sayar, ya kafa, ya kuma ɗauki alkawarin kula da su. Cika wannan alkawari shi ne aikin Gwaggo tun tana da ƙuruciyarta har ta yi furfura. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ga ya kamata a faɗi alherinta tun tana nan tana ji da kunnenta.

A gida kuwa labarin ya sha bamban. Fankar falonta ta daɗe tana kuka ba wanda ya kula ta. Maigidanta, tsohon direban babbar mota ne mai son barkwanci, yakan ce wa baƙi, "Ku yi haƙuri da ƙarar nan. Ina neman wanda zai ba fankar gado a asibiti ne, ranar za ta ga injiniya."

Abin da ya sa asibitoci ba za su manta da ita ba ya faru ne a ɗakin jarirai bakwaini na wani babban asibiti. A tsakiyar ɗakin, kan teburin ma'aikatan jinya, akwai na'ura mai allo wadda wayoyi suka haɗa ta da kowane gado. Tana nuna bugun zuciyar kowane jariri da numfashinsa, tana ajiye bayanan, idan kuma wani ya sauka ƙasa da yadda ya kamata, sai ta yi ƙara. Manhajar da ke tafiyar da irin wannan na'ura ba irin ta kwamfutar ofis ba ce, wadda za ta ce maka ka ɗan jira. An gina ta ne ta amsa a daidai lokacin da abu ya faru, domin numfashin jariri ba ya jira.

Wata rana faifan ajiyar na'urar, wato inda manhajar take zaune kuma inda take zuba bayanai, ya tsufa ya mutu. Irinsa ƙarami ya ɓace a kasuwa, sai manya. Gwaggo ta kira maƙeran ta tambaye su ko babba zai yi. Suka ce muddin bakinsa ya shiga, ta sa kawai. Ta sa, na'ura ta tashi lafiya, kowa ya yi murna. A watannin da suka biyo baya ta yi irin wannan canji a wasu asibitocin da ke da irin na'urar.

Sista Babba, shugabar ɗakin jariran, ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, kuma har yau idan tana faɗa sai muryarta ta sauka. Ta ce da hantsi ne, ɗaki cike da iyaye mata da suka zo shayarwa. Ta wuce ta gaban allon ta ga layukan duk suna nan lafiya lau. Har ta yi gaba sai wani abu ya tsaya mata a rai, ta dawo ta ƙura ido. Layukan ba sa motsi. Na'urar ta daskare da hoton ɗazu a fuskarta. Ta ruga tana duba gadaje da idonta, a gado na ƙarshe kusa da taga ta tarar da wata jaririya leɓenta ya fara canza launi, ƙirjinta ya tsaya. Ba ƙara, ba komai. Ma'aikatan jinya suka rufu a kanta, Allah Ya sa da sauran kwana, numfashi ya dawo.

Da Gwaggo ta iso, Sista ba ta ko amsa gaisuwarta ba.

"Gwaggo, kayanki sun kusa kashe mini 'ya."

Gwaggo ba ta ce laifin wuta ba ne, ba ta ce wani ya taɓa ba. Ta je ta tsaya a bakin gadon tana kallon jaririyar, wadda tafin ƙafarta bai fi babban yatsanta ba. Uwar tana gefe tana share hawaye da bakin mayafi. Sannan Gwaggo ta juyo ta ce, "Sista, ban san abin da ya faru ba tukuna. Amma ba zan kunna miki ita in ce ta gyaru ba sai na sani. Kafin nan a sa mutum a kan kowane layi na gadaje."

Ta ɗauke na'urar ta kai ɗakin gyara. Da ta buɗe faifan a wata kwamfuta, sai ta ga abin mamaki: farkon faifan, inda manhajar take, an rubuce shi da bugun zuciyar jarirai. Na'urar ta ci gidanta da kanta. Ta ɗauko wata irinta da ke ajiye, ta sa mata sabon babban faifai, ta riƙa ɗura mata bayanan gwaji da sauri. Da rubutu ya kai giga takwas a ma'aunin yawan bayanai, sai na'urar ta daskare. Ta sake da wani faifan, a daidai wurin ta sake daskarewa.

Maigidanta ne ya fara jin bayanin, da yamma suna zaune a tsakar gida. Ta ce masa manhajar tsohuwa ce, lissafinta iyakarsa giga takwas, in ta wuce nan sai ta koma sifili ta ci gaba da rubutu daga farko.

Ya ce, "Kamar mitar tsohuwar motata ke nan. In ta cika tara-tara sai ta dawo sabuwa fil."

"Haka ne. Sai dai ita wannan in ta dawo sifili, kanta take takewa."

Sai ya ce, "To sauran da kika sa fa?"

Abin da ke cin ta ke nan. Kowace daga cikinsu tana can tana cika a hankali.

Washegari ta shiga ofishin manaja. Mutumin kirki ne, amma yana da ma'aikata a wuyansa, kuma ya san yadda labari ke gudu tsakanin asibitoci. Ya riga ya kira maƙeran, sun ce na'urar ta tsufa, sun daina kula da irinta, shawararsu a sayi sabuwa. Game da iyakar faifai kuwa, suka ce ba su taɓa yin alkawarin komai ba.

Ya ce, "Hajiya, ki bi su a hankali ki gyara, ki ce zagayen duba kaya ne. Ba sai an tayar da hankalin kowa ba."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin in kai ga na ƙarshe sai an kwana biyu. In wata ta daskare ina hanya fa? Dole su sani yau, su daina dogara da ƙararta."

"Kin san abin da hakan zai jawo mana?"

"Na sani. Amma mu muka sayar musu, hannuna ne ya sa faifan. Su ba su san maƙera ba, mu suka sani."

"In aka soke mana aiki, ke za a fara tambaya."

"A tambaye ni."

Bai ce mata e ba, bai kuma hana ta wayar ofis ba. A gabansa ta kira asibitocin duka ta faɗa musu gaskiya ba kwana-kwana. Motar kamfani tana wani aiki, sai maigidanta ya fito da tasa, ya riƙa kai ta gari bayan gari yana jiran ta a inuwar bakin ƙofa. A kowane wuri takan taƙaita faifan, ta bar wa na'urar iya abin da za ta iya lissafawa, sauran ya zauna a banza. A wani ƙaramin asibiti ta tarar saura ƙiris faifan ya kai iyaka.

Ba a tafa mata ba. Wani asibiti ya soke kwangilarsa da kamfanin, shugabansa ya faɗa mata maganganun da ba sa maimaituwa. Ƙarin girman da ake sa ran za a yi mata a shekarar ya wuce ta, bai kuma sake dawowa ba. Wasu abokan aiki suka ɗauke mata gaisuwa na ɗan lokaci.

Duk da haka ba ta ƙyale maƙeran ba. Ta ɗauki hoton bidiyo na gwajin da ta yi tun daga kunnawa har daskarewa ta aika musu. Suka yi shiru, ta sake kira. Aka haɗa ta da wannan, aka haɗa ta da wancan, har ta faɗa hannun wani tsohon injiniyansu da ya yi aiki a kan manhajar tun farko. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce sun san da iyakar, sai dai a lokacin ba wanda ya zaci za a yi faifai mai girman haka. Ta ce masa, "Rashin sanin gobe ba laifi ba ne. Amma da goben ta zo, ai sai ku faɗa mana." Bayan wasu watanni suka fitar da sanarwa ga duk dillalansu, suka aiko da tambarin gargaɗi da za a manna a jikin kowace na'ura. Ba su ambaci sunanta ba. Manajan da kansa ya kawo mata tambarin farko har benci, ya ce, "Ke ya kamata ki fara mannawa."

Gwaggo, ke ce kika nuna mana cewa ciniki ba ya ƙarewa ranar da aka sauke kaya. Ke ce kika tsaya tsakanin maƙeri mai nisa da jaririn da bai san ana yi ba, kika ɗauki nauyin da kowa ke turawa gaba. Akwai yara da ke gudu a filin makaranta yau, iyayensu ba su taɓa jin labarinki ba, ba kuma za su ji ba. Mun gode. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya mai ɗorewa, Ya saka wa maigidanki da ya yi ta jira a bakin ƙofa.

Ku kuma masu ƙera kaya da masu sayarwa da masu gyara, kowane abin da ya fita daga hannunku yana da iyakar da in ya kai zai gaza. Ku faɗe ta tun ba a tambaye ku ba. In kuma daga baya kuka gano ta, ku ɗauki waya a ranar, ko da muryar da za ta amsa muku zagi za ta yi.