Ƙwaryar Hure da Labbo Tafinta

In ka shiga Anka ka tambayi gidan Malam Labbo, abin da za a fara ce maka shi ne, "Wane? Labbo Tafinta?" Alhali bawan Allahn nan shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da Turanci a firamare, tafintar kuwa shekara biyu kacal ya yi ta. Ita ce dai ta bi shi har furfura, kuma ba ya jin haushi.

Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyuka, lokacin da ake daka dutsen zinari a tsakar gida, yara na ta mutuwa, sai likitoci suka zo daga ƙasashen waje. Aka nemi mai jin Turanci, aka ɗauki Labbo, aka haɗa shi da wata nas 'yar ƙasar Sifen, Pilar, doguwa mai saurin tafiya. Turancinta ba shi da yawa. In ya ƙare mata sai ta zarce da yarensu, Labbo ya saki baki yana kallonta.

Cikin masu jinya akwai Hure, mutuniyar Dareta. 'Ya'ya biyu ta binne cikin wata guda, ta goyo ta ukun, Shamsiyya, tana sanƙarewa. Pilar ta tsaya kan yarinyar nan har ta buɗe ido ta fara karɓar kunu. Da za a sallame su aka ja wa Hure kunne: akwai sauran zagaye biyu na magani, in aka tsaya a hanya, dalmar da ta rage a jini za ta iya taɓa ƙwaƙwalwar yarinya.

Ranar da aka sa mata, Hure ta dawo da ƙwarya cike da ƙwan zabi, ta rufe da faifan da ta saƙa da hannunta. Ta durƙusa ta miƙa. Pilar ta ɗaga hannu ta ja da baya, ta ce dokar aikinsu ta hana karɓar kyauta daga majinyata. Labbo ya mayar da maganar Hausa yadda ta fito, bai ƙara ba bai rage ba. Har yau ya ce ba shi da fassarar da yake nadama kamarta.

Hure ta miƙe ta gyara goyo. "Malam, hwaɗa mata na gane. Ƙasarmu anka ce da guba, ashe har hannunmu abin ƙyama na."

"Haba Innar Shamsiyya, ba haka ta ce ba."

"Ni na ga abin da hannunta yac ce."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fice, ko jinin yarinya ba a ɗiba ba, ta nufi inda masu babur ɗin Dareta ke tsayawa.

Pilar ta rikice. Ta dafa ƙirji tana ta maimaita wata kalma da yarensu. Labbo ya ce, godiya take nufi? Ta girgiza kai, ta ce godiya ta yi kaɗan. Ta zaro wani ɗan ƙamus daga aljihu ta ɗora yatsa kan kalmar apreciar, gefenta an rubuta appreciate da value, wato sanin darajar abu da riƙe shi da muhimmanci.

Labbo ya rufe littafin. "Sista, kalmar tana da kyau, amma ko sau goma na juya ta Hausa, Hure ba za ta waiwayo ba. A garin nan wanda ya san darajar abu da hannu biyu yake karɓa, kuma ba ya mayar da ƙwarya ba komai a ciki."

"Dokar fa?"

"Dokar ta ce kada ki ci. Ta ce kada yaran ɗakin nan su ci?"

Ai kuwa suka zuba da gudu, Pilar a gaba, Labbo a baya yana tattare babbar riga. Suka tarar Hure ta ɗaga ƙafa za ta hau babur. Pilar ta zube gwiwa biyu a ƙasa ta miƙa hannu biyu. Wani mai babur ya ce, "Kai jama'a, Baturiya ta iya gaida uwar miji!" Aka fashe da dariya. Hure ta kau da kai, sannan ta ce, "Tashi, ɗiyar mutane, kar ki ɓata wandonki." Ta sa mata ƙwaryar a hannu.

Aka dafa ƙwan aka raba wa yaran da ke kwance. Pilar ta nemi izinin shugabansu ta riƙe faifan, ta kuma kwance ɗankwalin kanta ta sa a ƙwaryar tare da sabulu. Hure ta leƙa ciki ta ce, "To, yanzu tay yi magana." Ta kwance goyo ta miƙa Shamsiyya.

Yarinyar ta sha maganinta har ƙarshe. Yanzu budurwa ce, tana koyon ɗinki a Gummi, kuma duk damina in zabi suka fara ƙwai, sai ka ga ta sallama gidan Labbo da ƙwarya. Ya miƙe duk da ciwon gwiwa, ya karɓa da hannu biyu yana sa mata albarka. Daga cikin ɗaki matarsa Sahura kan ce, "Kai dai karɓa ka iya, Malam. Miƙo ƙwaryar, sabulun da za a sa mata ciki ai ni ka nemowa."