Deok-man Mai Shan Duka

Pyo Deok-man bai taɓa fitowa a jarumi ba. Aikinsa a finafinan birnin Busan na Koriya shan duka ne: a fasa masa kwalba a ka, a jefo shi daga bene, ya miƙe ya rusuna wa darakta. Abin alfaharinsa ɗaya, ba ya dakatawa sai an ce "Tsaya!" To, kan mutum ba dutse ba ne. Da girma ya zo sai ya fara ɓata a layin gidansu.

"Baban Hye-suk, ka bar aikin nan," in ji matarsa Sun-rye. "Ƙwaƙwalwarka ta zama kunu."

"Ke dai zubo shinkafa, sarkin mita. Kunun ne ke ci da ke."

Kwatsam aka ba shi babban matsayi a wani fim, mai kisan da kotu ke gardamar ko yana da hankalin da za a yi masa shari'a. Zai tsallake katakon da ake tsayar da wanda ake tuhuma ne ya shaƙe lauyan gwamnati. Ya tsallake, ya shaƙe, ya shiga buga kan ɗan wasan da tebur. Haƙora suka zube, jini ya wanke takardu. Darakta, mara imani, ya ga abin ya yi kyau, ya ƙi cewa a tsaya. Ɗan wasan da aka buga bai sake tafiya da ƙafarsa ba.

A kotun gaske, lauyan gwamnati na gaske ya kunna fim ɗin. "Ku duba yadda ya iya haukan ƙarya, sana'arsa ce!" Sun-rye ta san kurkuku kashe shi zai yi. Likitoci suka nuna hoton kansa, alƙali ya ce asibiti za a kai shi.

Ranar da aka fito da shi daga tsare, ta tare shi a ƙofa da farar awara, wadda ake bai wa wanda ya fito don kada ya koma. Ya dube ta, ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, ke ce sabuwar darakta? In fara?"

Hawaye ya zubo mata. "Fara," ta ce.

Ya cinye awarar, ya cinye takardar da aka naɗe ta a ciki, ya kama yatsunsa da cizo har jini ya fito.

"Tsaya, Baban Hye-suk. Tsaya!"

Ya tsaya cak, yana jiran ta ce ya yi kyau.