Ƙaho a Ƙeya

Har yau in na ji ƙarnin jini a mahauta, ƙeyata ce ke fara amsawa. Ka yi haƙuri da wannan labari, ni ma ba daɗinsa nake ji ba.

Ina yaro a ƙauyenmu wajen Tsamaye, wata damina ciwon kai ya kama ni. Da amai nake tashi kowace safiya, idona na hagu kuma yana ganin abu ɗaya biyu. Baffa, yayan mahaifina, shi ke yanke magana a gidan. Ya ce mataccen jini ne, a kira wanzami.

A gindin rumbu ake zaunar da ni. Wanzamin ya tsattsaga ƙeyata da aska, ya kafa ƙaho, ya zuƙa da baki. In ya cire, sai ya juye gudan jinin a sakaina ya zagaya da shi, ƙudaje na bi, manya na leƙawa suna gyaɗa kai. "Kun gani? Ga ciwon nan ya hito." Gero ya fid da kai, ya nuna, aka girbe, ana nan ana zagayawa da sakaina.

Ranar da na yi karo da turmi da rana tsaka, Inna ta ce sai asibiti.

"A fasa kan yaro kamar kabewa?" in ji Baffa. "Ba a gidanga ba."

"To, za ni da shi gidanmu," ta ce.

Kawuna ya kai mu garin Isa a babur, muka hau mota zuwa Sakkwato. Ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Likitoci suka cire shi, na rayu. Idon kam an makara.

Yanzu ina cikin masu neman gudummawa don binciken wannan cuta. Waya ta shiga kowane gida, amma a kasuwanninmu ba mai sauraron bayani sai na cire hula. Su taru a kan tabon ɗinki, wani har ya shafa da yatsa mai maiƙon tsire. Ƙyama nake ji, amma ina cirewa.

Bara a Sabon Birni, Baffa da kansa ya dogaro sanda, ya ratsa taron, ya tuɓe min hular.

"Ku duba da kyau," in ji shi. "Mu munka yi jinyatai."

Mutane suka matso, hannuwa suka shiga aljihu. Na sunkuyar masa da kai har ya gama.