Inuwar Attahiru

Kalilu bai taɓa nufin zama shugaban kowa ba. Manomin albasa ne a bakin gulbi, can gefen Argungu, kuma ko gonar ma ta aro ce, wadda tsoho Maiwada ya ba shi tun yana sabon ango. Damuwarsa guda ce: kowace damina sai gulbi ya yagi gaɓa ya wuce da ita, gona tana ta tsukewa.

Bayan babban fari, zamanin da komai na hukuma sai an dangana da Sakkwato, ya ji ana raba dashen dogon yaro kyauta a Birnin Kebbi. Ya tara maƙwabtan gona da wasu masunta, suka sa wa kansu suna 'Yan Gaɓa. Ba ofis, ba albashi, gayya ce kawai. Ranar dashen farko har da makaɗi, kowa yana rantsuwa da shi za a ƙare.

Dashe ai wasa ne, ban ruwa shi ne aikin. Da rani ya tsaya, aka shiga jidar ruwa da tulu ana kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki, sai jama'a ta fara zamewa. Wannan ya tafi cin rani, wancan ƙafa ta matsa masa, amma ana ganinsa a kasuwa garau. Daga ƙarshe ƙungiya ta koma Kalilu da Tamba masunci, sai matarsa Hauwa'u mai aiko musu da fura haɗe da habaici. Haka suka yi ta fama shekara da shekaru, har itatuwa suka kama, saiwa ta riƙe gaɓa. Gulbi ya daina cin gonar.

Kalilu ya san al'ada sarai: ba a dasa itace a gonar aro, domin dashe shaidar mallaka ne. Ya dai tambayi Maiwada, tsoho ya ce, "Dasa, ɗana." Amma daga shi sai shi, babu shaida ko ɗaya. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Da Maiwada ya rasu, gona ta faɗa hannun ɗansa Attahiru, ɗan kasuwa a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi. Saƙo ya zo, Kalilu ya shiga mota ya same shi a can.

"Baba Kalilu, ba ni da komi da kai," in ji Attahiru. "Amma gobe in ba mu, ɗiyanka na cewa iccen ubansu na, gona tasu ta. Ko ka sare su ka ci gaba da noma, ko ka bar min gonata da abin da ac ciki."

"In an sare, gulbi na cinye ta, ɗana."

"Gulbi rabi yaka ci, Baba. Shari'a duka taka ci."

Abin takaicin shi ne yaron bai faɗi ƙarya ba. Kalilu ya dawo gida, ya wasa gatari, ya je ya tsaya gaban itacen farko da suka dasa. Ya daɗe a tsaye. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani. Ya saɓa gatarinsa ya koma.

A gaban mai unguwa da shaidu ya ce gona ta Attahiru ce, itatuwa ma nasa ne, shi da zuriyarsa ba su da ko reshe. Hauwa'u ta dube shi ta ce, "To, Malam, inuwa za mu tuƙa mu ci?" Da furfurarsa ya koma ƙwadago a gonakin shinkafar mutane. Tamba ya koma wa tarunsa. 'Yan Gaɓa ta mutu ba tare da wani ya yi shela ba.

Itatuwan suna nan. Masu zuwa kasuwa suna yada zango a wurin, suna kiransa Inuwar Attahiru. Wata rana da azahar Kalilu ya zauna yana hutawa a gindin ɗaya, wani baƙo mai jaki ya sauke kaya kusa da shi, ya ɗaga kai ya ce, "Allah shi yi wa wanda ya dasa wanga albarka. Baba, na wa na?"

Kalilu ya shafa bawon itacen da tafin hannunsa.

"Na Attahiru na," ya ce.