Safara'u Mai Laluben Wuya

A shekarun da ciwon barci ya addabi ƙauyukan fadamar Haɗejiya, Turawa suka ɗauki Safara'u aiki, wata bazawara daga Kafin Hausa. Namiji ba ya shiga gidan aure ya taɓa matar wani, don haka ita ke shiga ta lalubi wuyan mata, in ta ji kaluluwa, alamar ciwon, ta rako mai ita asibiti. Har mata suka riƙa ɓuya da jin sallamarta. Ita kuwa ko a jikinta.

Duk bayan damina akan yi taro a asibitin: likitan mutane, da na dabbobi, da wani mai tara ƙudan tsando masu yaɗa ciwon a kwalba. Su yi ta gardama kan ruwa da shanu, tana zaune bakin ƙofa ko za a tambaye ta.

A taronta na ƙarshe, likitan mutanen ya ce an duba kowa a ƙasar. Ya waiwayo don ta gaskata shi, ya tarar tana gyangyaɗi da hantsi, goro a hannunta. Duk ilimin da ya taru a ɗakin nan, ba wanda ya taɓa tambayar wace mace ke laluben wuyan Safara'u.