Jigon Kakanmu

Jan jigo wahala ce, ba wani daɗi a ciki. Duk wanda ya ce maka yana kewarsa, to bai ja ba.

Ina saurayi, kafin injin ban ruwa ya iso fadamarmu ta Birchi, da jigo muke shayar da albasa. Gwafa biyu a bakin rijiya, doguwar sanda a sama, guga a gaba, curin laka a baya. Ka danno igiya ƙasa, nauyin laka ya ɗago maka ruwa, ka juye. Kafin hantsi kafaɗa ta mutu.

Baffa, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni bayan rasuwarsa, yakan ce kakanmu ne ya ƙirƙiro jigo, a wata shekarar fari, da ya ga yara na lilo a kan faɗaɗɗen icce. Ban riski kakan ba, gonarsa ma ba ta iso gare ni ba, wannan labari kaɗai na gada. Na ba da shi a kasuwar Kurfi, na ba da shi a tashar Dutsin-Ma da na koma dako, na ba 'ya'yana.

Kwanan baya 'yata mai sakandare ta miƙo mani waya. Ga wani mutum da ɗan bante yana jan jigo, wai zanen bango ne a Masar tun zamanin Fir'auna. Na ce ta sake dubawa. Wani wurin ya ce mutanen Iraƙi ne suka fara, wani ya ce Indiya. Na tambaye ta wa ya rubuta, ɗan wa ne, a bakin wa ya ji. Ta ce ba suna.

"To Baba, shi Baffa a bakin wa ya ji?"

Baffa mutum ne mai ƙarin gishiri, kowa ya sani, a wannan ne kawai ban taɓa tuhumarsa ba. Ƙila kaka ya gano shi a fatauci ya kawo. Ƙila da kansa ya yi tunaninsa, bai san an riga shi ba. Ƙila kuma Baffa ne ya ba maraya abin riƙewa.

Mutum ɗaya ta rage da ta ga kaka da idonta, Gwaggo, ta tsufa tukuf, hankalinta na zuwa yana komawa. An ce da safe ta fi gane mutane. Washegari na sayi goro, na shiga motar farko zuwa Birchi.